Waya, Auduga da Batir: Tarihin RDA, Kan Sigarin Lantarkin da Mai Shi Ke Haɗawa da Hannunsa

Idan aka cire murfin na'urar da masu zuƙar sigarin lantarki suke kira RDA, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan faranti ne na ƙarfe, faɗinsa milimita 22 zuwa 25, bai ma kai murfin kwalbar lemo ba. A kansa akwai 'yan sanduna biyu ko uku masu huji, da ƙananan sukurori na ɗaure waya. Sai wata siririyar waya da aka nannaɗe kamar sifirin ɗin biro, aka zura auduga ta cikinta, jelar audugar kuma tana kwance a wani ɗan kwarmi daga ƙasa. Shi ke nan. Babu tanki, babu wani sirri. Mai abin shi ne yake yanko wayar, ya naɗa ta, ya ɗaure, ya zura auduga, ya ɗiga ruwan nikotin a kai, ya mayar da murfi, ya danna maɓalli. In ya yi 'yan zuƙe-zuƙe audugar ta fara bushewa, sai ya sake ɗigawa.

Haruffan nan uku farkon wasu kalmomin Turanci ne, ma'anarsu a dunƙule ita ce: abin da ke mayar da ruwa feshi, wanda ake ɗiga wa ruwan da hannu, ake kuma iya warware shi a sake haɗawa. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a kai shi ne, ba wani ɗakin bincike ko babban kamfani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi ba. Masu shan ne da kansu, waɗanda kayan da aka sayar musu suka ƙi yin aiki yadda suke so. Kuma a cikin wannan ɗan farantin ne dokokin kimiyyar lantarki da muka haddace a sakandare don cin jarabawa suka koma maganar rai da mutuwa.

Kafin mu yi nisa, wani ɗan gyara. Ana yawan cewa “tururi” ne ke fita daga sigarin lantarki, har wasu na zaton ruwa ne zalla kamar na tukunyar shayi. Ba haka ba ne. Ruwan da ake ɗigawa haɗin sinadarai biyu ne masu ɗan kauri, furofilin gilaikol da gilisarin, sai nikotin da kayan ƙamshi. Zafin waya yana mayar da su tururi, amma kafin su kai baki sun huce sun koma mitsi-mitsin ɗigo masu yawo a iska, kamar hazo. Waɗannan ɗigon ne ke shiga huhu. Zan ci gaba da cewa tururi don sauƙin magana, amma a riƙe wannan a rai.

Shekara arba'in ana jiran batir

Tunanin ya girmi yawancinmu. A 1963 wani Ba'amurke mai suna Herbert Gilbert, mai sana'ar tsoffin ƙarafa a jihar Fensilbeniya, ya nemi rajistar wata “sigari marar hayaƙi, marar taba”, aka ba shi a 1965. Tasa babu nikotin a ciki, iska ce mai ɗumi da ƙamshi. Ba a taɓa ƙera ta don kasuwa ba. Ana yawan ɗora laifin a kan kamfanonin taba da ba su ga dalilin taɓa sana'ar da ke kawo musu kuɗi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ni a ganina babbar matsalar batir ce. Zafafa waya na cin wuta sosai, batiran wancan zamani kuwa in ƙanana ne ba su da ƙarfi, in masu ƙarfi ne ba sa shiga aljihu. Sai a 1991 kamfanin Sony ya fito da batirin litiyom mai caji kasuwa.

Wanda ya ci moriyar wannan shi ne Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna daga arewa maso gabashin Sin. Shi kansa mashayin sigari ne na gaske, mahaifinsa kuma kansar huhu ce ta yi ajalinsa. A 2003 ya yi rajistar na'urarsa. Ta farko ma ba da zafi take aiki ba, da girgiza ce mai tsananin sauri wadda ke tarwatsa ruwa ya zama feshi. Daga baya aka koma wa waya mai zafi domin ta fi ƙanƙanta, ta fi arha, ta kuma fi ba da tururi. A 2004 aka fara sayar da ita a Sin da sunan Ruyan, wato “kamar hayaƙi”. Zuwa 2006 da 2007 ta isa Turai da Amurka.

Waɗannan na farkon an yi su ne su yi kama da karan sigari, har da ɗan jan fitila a baki. Gida uku ne da su: batir, sai kan da ke ɗauke da waya, sai wani ɗan kwanso da aka cusa wa zaren roba mai kama da cikon matashin kai, aka jiƙa shi da ruwan nikotin. Wata 'yar gada ta ragar ƙarfe ce ke taɓa wannan ciko, ta jawo ruwa zuwa ga waya. A takarda abin ya yi kyau. A hannu kuwa, batir ya mutu kafin azahar, ruwa ya ƙi gangarowa, wani lokaci cikon ya narke ya ba da ɗanɗanon ƙonanniyar leda. Ga mutumin da ya shekara ashirin yana shan kwali guda a rana, yana kuma neman abin da zai raba shi da ita, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Da yawa sun koma wa tabarsu.

Waɗanda suka ƙi komawa su ne suka fara dabara. Wani ya lura cewa in ya cire kwanson gaba ɗaya, ya ɗiga ɗigo biyu ko uku kai tsaye a kan gadar, ɗanɗano ya fi fitowa, tururi ya fi yawa. Labari ya bazu a dandalin tattaunawa na intanet da masu shan suka kafa tun wajen 2007. Aka fara huda tsofaffin kwansuna ana yin bakin zuƙa da su, don a riƙa ɗigawa ta saman ba sai an cire ba. Masana'antun Sin, waɗanda kunnensu ke ƙasa, suka fara ƙera irin wannan baki suna sayarwa. Nan ne asalin ɗigawa.

Ɓangaren batir ma bai tsira ba. A 2008 wani uba da ɗansa a Ingila, Ted da Matt Rogers, suka ɗauki jikin wata 'yar tocila suka mayar da shi gidan batir mai girma, suka sa masa suna Screwdriver saboda siffarsa. Daga nan kalmar “mod” ta samo asali, wato abin da aka yi wa kwaskwarima. Sannan wani abu ya faru wanda ba wanda ya tsara shi: wani samfurin kamfanin Joye mai lamba 510 ya yi farin jini ƙwarai, har zaren ɗaurinsa, mai faɗin milimita 7, ya zama shi kowa ke kwaikwaya. Ba wata hukuma da ta zauna ta zartar. Amma daga lokacin, kan da aka ƙera a Manila zai hau gidan batirin da aka ƙera a Jamus. Ba don wannan ba, da wuya RDA ya samu kasuwa.

Saura matsala ɗaya. Wayar da ke cikin kan tana ƙonewa ko ta yi baƙi cikin 'yan makonni, sai a jefar da kan duka a sayi sabo, alhali abin da ya lalace ɗan guntun waya ne da bai kai tsawon yatsa ba. Duk wanda ya taɓa kai fanka ko janareta wurin mai rewayin ya san amsar da za a bayar: a warware, a sake naɗawa.

Waya da lagwani

Wayar da suka nema ta riga ta shekara kusan ɗari a duniya. A 1906 Albert Marsh ya samu rajistar nikurom a Amurka, gaurayen nikel da kuromiyom, wanda ke iya yin ja wur ba tare da ya narke ko ya ci tsatsa ya karye ba. Shi ne ya ba da damar yin dutsen guga na lantarki, da rishon lantarki, da hitar dafa ruwa. Daga baya a Suwidin, Hans von Kantzow ya gano wani gaurayen na baƙin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, aka kafa masa kamfani a 1931 a garin Hallstahammar, aka haɗa farkon sunan mutumin da na garin aka samu Kanthal. Sirrinta shi ne, in ta yi zafi, alminiyom ɗin da ke cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a bayanta, fatar kuma ta kare abin da ke ciki. Tana jure zafi har wajen digiri 1,400. An yi ta ne don tanderun masana'antu, ba wanda ya yi ta da niyyar a kai ta kusa da leɓe.

Me ya sa take zafi? Domin tana yi wa lantarki turjiya. Wayar tagulla da ke cikin bangon ɗakinka tana barin wuta ta wuce salin-alin, shi ya sa ba ta zafi. Kanthal kuwa tana tare hanya, ƙarfin da wutar ta kashe wajen kutsawa sai ya koma zafi. James Joule ne ya auna wannan a farkon shekarun 1840. Ana auna turjiya da om, sunan Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827. Waya mai kauri ko gajera turjiyarta kaɗan ce. Siririya ko doguwa turjiyarta da yawa. Ke nan mai naɗa waya, da zaɓen kaurinta da yawan zagayen da zai yi, shi ke yanke yawan wutar da za a zuƙo daga batir. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lagwani kuma aikinsa irin na fitilar kwai ne ko rishon kananzir: ruwa yana hawa ta 'yan ƙananan hanyoyin da ke tsakanin zaruruwa, ba tare da an tura shi ba. Da farko igiyar silika aka yi amfani da ita, dangin gilashi ce, ba ta ƙonewa, amma tana jan ruwa a hankali kuma tana dusashe ɗanɗano. A Jamus wasu suka fito da salon da ake kira Genesis, inda ake nannaɗe ragar ƙarfe marar tsatsa ta zama lagwani. Wahalar saita shi ta kori mutane da yawa. Wajen 2013 aka koma wa abu mafi sauƙi, auduga. Abin dariya, wadda ta fi karɓuwa ita ce irin falle-fallen audugar Japan da mata ke goge kwalliya da ita, domin zaruruwanta a miƙe suke, ba a kuma wanke ta da sinadarin faranta kaya ba. Auduga na jan ruwa da sauri, ga arha. Aibinta ɗaya: in ta bushe a jikin waya mai zafi, nan take take babbakewa.

Zamanin gajimare

Tsakanin 2012 da 2016 abin ya zama sana'a, ya kuma zama wasa. Kamfanin Youde na Sin ya fitar da Igo-L, mai arha, wanda da yawa suka koyi naɗi a kansa. Ƙananan maƙera a Filifin suka yi suna wajen ƙera kawuna da gidajen batir masu tsada, masu lambar jeri kamar agogon alfarma, masana'antun Shenzhen kuma suna kwafe su cikin 'yan makonni su sayar a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Aka tashi daga waya ɗaya zuwa biyu. Aka faɗaɗa hujin iska. A 2015 wani samfuri mai suna Velocity ya zo da sanduna biyu, kowace da huji biyu da sukurori a gefe, ya sauƙaƙa ɗaure waya biyu, har sunansa ya zama sunan salon baki ɗaya. Wasu suka fara naɗa siririyar waya a bayan mai kauri, kamar tsirkiyar jita, suka sa wa salon sunan makaɗin jita Eric Clapton. Ba ado kawai ba ne: 'yan ramukan da ke tsakanin zagayen suna riƙe ruwa, kuma faɗin wurin da ke taɓa ruwa yana ƙaruwa, tururi ya yawaita.

Daga nan aka shiga gasar “farautar gajimare”, wadda ta yi ƙarfi a yammacin Amurka: mutum biyu su juya wa juna baya, kowa ya feso, a auna na wa ya fi nisa da kauri. Aka ƙara gilisarin a ruwan domin shi ke ba da farin hazo. Kuma tunda kowace zuƙa tana ƙona ruwa mai yawa, dole aka rage nikotin, daga miligiram 18 ko 24 a kowace mililita zuwa 6 ko 3, in ba haka ba jiri da tashin zuciya su kayar da mutum. A nan akwai abin da ake yawan kuskure wa lissafi. Raguwar lambar da ke jikin kwalba ba ta nufin nikotin ɗin da ya shiga jiki ya ragu daidai da haka, domin wanda da yake shan mililita biyu a rana yanzu yana iya shan goma ko fiye. Sauran sinadaran da ke cikin ruwan kuwa, huhu ya karɓi ninkinsu. A 2014 masu ƙamus ɗin Oxford suka zaɓi “vape” a matsayin kalmar shekara.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Don a samu gajimare sai an samu zafi mai yawa, don a samu zafi sai an rage turjiya zuwa ƙasa da om ɗaya. Mafi yawan mafarautan gajimaren farko kuwa gidan batirinsu bututun ƙarfe ne zalla, babu kwakwalwar lantarki, babu fis, babu komai tsakanin batir da waya sai maɓalli. Dokar Ohm ce kaɗai mai gadi: a raba ƙarfin turin batir, wato bolt, da turjiya, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ke gudu, wato amfiya. Sigarin lantarkin farko, mai om 2.5 a kan bolt 3.7, yana jan amfiya ɗaya da rabi, ƙarfinsa wat biyar da ɗoriya. Yanzu ɗauki RDA mai waya biyu, kowace om 0.4. Tunda a jere suke kafaɗa da kafaɗa, wuta ta samu hanya biyu, turjiyar ta rabu biyu ta koma 0.2. Cikakken batir yana ba da bolt 4.2. Raba: amfiya 21, wat kusan 88. In aka sauka zuwa om 0.1, amfiya 42 ke nan.

Batirin da ake sawa shi ne 18650, sunan ma daga girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Mai karatu ya san shi ko da bai san sunansa ba, shi ne a cikin tocila mai caji da fanka mai caji da fawa-bank da yawa, shi ne kuma masu gyara ke farkewa daga tsohon batirin laftof. Sai dai kamanni ba ya nufin hali ɗaya. Na laftof an yi shi ne ya ba da wuta kaɗan na dogon lokaci. Waɗanda aka yi don injin huda bango da makamantansu su ne ke jure ja mai ƙarfi, misali Samsung 25R an ƙayyade masa amfiya 20, kuma ko mafiya ƙarfi a wannan girman ba sa wuce wajen 30. In aka ja fiye da ƙima, cikin batir ya yi zafi, siririn labulen da ya raba ɓangarorinsa biyu ya narke, zafi ya haifi zafi, iskar gas ta taru. In bututun ba shi da hujin fitar iska, abin da ke hannun mutum ya tashi daga sigari. A watan Mayun 2018, a garin St. Petersburg na jihar Fulorida, irin wannan bututu ya fashe a hannun wani mutum ɗan shekara 38, ɓaraguzai suka shiga kansa, ya rasu. A Janairun 2019 wani ɗan shekara 24 ya rasu a Tekzas bayan ɓaraguzan sun yanke masa jijiyar wuya. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan batira, irin su Sony da Samsung, sun sha nanata cewa ba su yi su don a sayar wa mutane tsirara a sa a sigarin lantarki ba.

Wannan ne ya sa al'adar naɗin ta zo da ƙa'idojinta, kuma duk sun fito ne daga haɗurran da aka gani. Ba a ɗora sabon naɗi a kan batir sai an auna shi da na'urar auna om, a kuma sake aunawa bayan an rufe murfi, domin in waya ta taɓa murfin, turjiya ta faɗi kusan sifiri. Batirin da ledar jikinsa ta yage ba a sa shi, saboda duk jikin gwangwaninsa ɓangare ɗaya ne na wutar. Ba a jefa shi aljihu tare da mukulli ko kwabbai. Lambar amfiya da aka rubuta a jikin batirin da wani ya sake wa riga ba abin yarda ba ce. An sha samun masu da'awar 40 alhali ba su kai rabin haka ba. Wajen zaɓen kan ma, tsofaffin hannu sukan tura sabon shiga ga mai waya ɗaya, mai faɗin wurin ɗauri, mai zurfin kwarmi, a kan gidan batir mai kwakwalwa wanda zai ƙi tashi in ya ga matsala. Iskar da ke shigowa ta ƙasan waya ta fi fito da ɗanɗano amma ta fi yoyo. Ta gefe ta fi haƙuri da mai yawan ɗigawa.

Abin da ke faruwa idan auduga ta bushe

Muddin audugar na jiƙe, ruwan da ke tafasa yana kwashe zafi, wayar ba ta wuce wani mataki, kamar yadda tukunya ba ta ƙonewa sai ruwanta ya ƙare. Da ta fara bushewa, zafi ya yi sama, furofilin gilaikol da gilisarin su fara tarwatsewa su koma wasu sinadarai: fomaldehaid, wanda ruwansa ne fomalin da ake adana gawa da shi, kuma yana cikin masu haddasa kansa, da asetaldehaid, da akrolin mai ƙona maƙogwaro. Na'urar da ba ta da tanki kuwa, kullum tana kan hanyar bushewa ne.

A Janairun 2015 masu bincike daga jami'ar jiha da ke Portland suka wallafa wata wasiƙa a mujallar New England Journal of Medicine: a bolt 3.3 ba su ga komai ba, a bolt 5 kuwa sun samu dangin fomaldehaid masu yawan gaske. Jaridu suka ɗauka cewa sigarin lantarki ya fi taba haɗari. Wani likitan zuciya ɗan Girka, Konstantinos Farsalinos, ya mayar da martani da nasa gwajin, inda ya sa mutane suka ɗanɗana. Hujjarsa ita ce injin zuƙa ba shi da harshe. A wannan zafin ɗanɗanon ƙuna ne da ba mai iya jurewa. Wata tawaga a Jami'ar Amurka da ke Beirut ta gwada ɗigawa kanta, ta auna zafin waya tsakanin digiri 130 da 350, ta kuma ga cewa duk yadda aka ƙara yawan zuƙa kafin a sake ɗigawa, haka waɗannan sinadarai ke ƙaruwa, har su zarce na sigarin taba.

A nawa karatun, kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya. Lallai harshe yana gargaɗi, kuma gwajin da aka yi da injin da ke ta zuƙar busasshen lagwani ba ya wakiltar yadda mutane ke sha. Amma harshe ba na'urar awo ba ne. Tsakanin “jiƙe sharkaf” da “ya ƙone” akwai zuƙa biyu ko uku da ba a san me suka ɗauko ba, ruwa mai zaƙi ko mai sanyin na'ana'a kuma yana iya rufe ɗanɗanon ƙuna. Ga kuma batun ƙarfe: a 2018 masu bincike a Johns Hopkins suka gwada na'urorin mutum 56, suka samu kuromiyom da nikel da dalma a tururin fiye da yadda suke a ruwan kafin ya taɓa waya.

Sannan wa ke ɗigawar? An ɗauka tsofaffin mashaya taba ne masu neman mafita. Binciken jami'ar Yale da aka wallafa a 2017 ya tambayi ɗaliban sakandare a jihar Konetikat: cikin 1,080 da suka taɓa shan sigarin lantarki, kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa ɗigawa, kuma babban dalilin da suka bayar shi ne kaurin gajimare. Wannan shi ne tsakiyar rigimar da har yau ba ta mutu ba. Hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin 100, adadin da masana da dama suka soki yadda aka samo shi. Indiya kuwa ta haramta shi ɗungurungum a 2019. Abin da hujjoji suka fi ƙarfafawa shi ne: ga wanda ya riga ya kamu da taba, komawa gare shi gaba ɗaya ya fi ci gaba da shaƙar hayaƙi, kuma yana taimaka wa wasu su daina. Ga wanda bai taɓa sha ba, babu ribar komai, sai kamuwa da nikotin.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa da wannan shi ne cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, wadda zuwa Fabrairun 2020 ta kwantar da mutum 2,807, ta kashe 68. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ya fi ɗora alhakin a kan wani mai dangin bitamin E da ake gauraya ruwan wiwi na bayan fage da shi. Darasin da ya shafi mai RDA a nan a fili yake: buɗaɗɗen faranti zai karɓi duk abin da aka ɗiga masa, huhu kuwa ba ya iya sarrafa mai.

Yadda kasuwa ta wuce shi

RDA bai mutu ba, amma an sha gabansa. A ƙarshen 2014 Aspire ta fitar da Atlantis, Kanger ta fitar da Subtank, tankuna masu naɗin masana'anta na ƙasa da om ɗaya. Gajimare ya samu ba sai an koyi naɗi ba. A shekarar ce kuma kamfanin Evolv ya kawo kwakwalwar da ke ƙiyasta zafin waya ta hanyar lura da yadda turjiyar nikel ke hawa in ya yi zafi, ta rage wuta kafin auduga ta ƙone. Masu son RDA suka farfaɗo da wata tsohuwar dabara, kwalbar roba a cikin gidan batir wadda in an matsa ta take turo ruwa ta ƙasan faranti, don a huta da yawo da kwalba a hannu.

Babban bugun ya zo ne a 2015 daga Juul, 'yar na'ura mai kama da filas, wadda wasu tsofaffin ɗaliban Stanford biyu suka ƙirƙira. Sun haɗa nikotin da wani asid ya zama gishirin nikotin, wanda ba ya kartar maƙogwaro, don haka suka iya cusa miligiram 59 a kowace mililita. Ba gajimare, ba naɗi, ba lissafi. A Disambar 2018 Altria, mai Marlboro a Amurka, ta sayi kashi 35 cikin 100 na kamfanin a kan dala biliyan 12.8. Shi ma Hon Lik, tun 2013 wani reshen kamfanin taba na Imperial ya saye rajistocin fasaharsa a kan dala miliyan 75. Abin da aka fara don a guje wa kamfanonin taba ya koma hannunsu.

Bayan Juul sai na sha-ka-yar, masu launi-launi da ƙamshin mangwaro da kankana, irin waɗanda aka fi gani yanzu a shagunan garuruwanmu. A cikin kowanne akwai batirin litiyom da zai iya ɗaukar caji sau ɗaruruwa, amma an rufe shi ruf don a jefar bayan 'yan kwanaki. Wani ƙiyasi na 2023 ya nuna ana jefar da kusan miliyan biyar a kowane mako a Birtaniya kaɗai, wasu suna tayar da gobara a motocin shara. Daga 1 ga Yunin 2025 ƙasar ta haramta sayar da su. Sharaɗin da dokar ta gindaya wa duk na'urar da za ta ci gaba da zama a kanti shi ne a iya yi mata caji, a iya sake zuba mata ruwa, kuma in tana da naɗin waya, mai ita ya iya cire shi ya sa sabo.